Ƙarfe Sha Biyu Wajen Kai

A Quellón, can ƙasan tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama, ba ya ban kwana,
mu uku muke wanke ƙafa ɗaya:
ƙafar Baldomero Oyarzo, masassaƙin jiragen ruwa,
wanda ƙusa ta karta a ƙwauri, suga ya hana wurin rufewa.

Ran Litinin Herminia ta rubuta: girman kwabo.
Laraba Zoila ta sa: kamar ƙaramin dankali.
Ni kuwa ran Juma'a, yatsu a daskare, na ce: da sauƙi.
Wata huɗu littafin yana cewa da sauƙi.
Wane kwabo? Dankalin gonar wa?
Sauƙi a kan me?
Gyambo ɗaya, baki uku,
kowa da mudunsa, ba mai leƙa na wani.

Sai ga takarda daga babban asibitin Castro,
shafi guda, cike da gidaje kamar saƙar zuma,
da damin rula ta takarda, a auna a jefar.
Herminia ta ja tsaki:
shekara talatin ina duba miki,
yau takarda za ta ara mini ido?

Ga abin da ta ce, takardar:
ɗauki jikin mutum agogo ne.
Kai ƙarfe sha biyu, tafin ƙafa ƙarfe shida.
Tsawo daga sha biyu zuwa shida,
faɗi daga tara zuwa uku,
zurfi kuma da tsinken auduga, a hankali.
Naman ja ne, rawaya, ko ya yi baƙi?
Ruwan ya jiƙa bandeji ko laima kawai?
Akwai wari? Bakin mikin ya naɗe?
Zafi, daga sifili zuwa goma.

Da na ɗora rular, tsohon ya yi dariya har da tari.
Ya ce, sai yau kuka kama sana'a.
Ni ban taɓa yanka katako da "kamar" ba.
Jirgin da aka harhaɗa da "kusan",
teku ce ke gyara masa lissafi.

Santimita huɗu da ɗigo biyu.
Mako ya zagayo: huɗu da shida.
Wani makon, da hannun Zoila: biyar cif.
Hannu daban, rana daban, harshe ɗaya,
kuma harshen bai iya kara ba.
Ashe muna ta yi wa juna barka
abin yana cin gefe kamar gara.

Herminia ce ta gano ramin.
Wajen ƙarfe biyu tsinken ya shige ƙarƙashin fata,
ya yi ta tafiya.
Ta zaro, ta gwada a rula, ta yi shiru.
Ta rubuta da kanta, ta ja layi biyu a ƙasa.

Likitan Castro bai taɓa ganin Baldomero ba,
amma minti ɗaya ya karanta mako uku,
ya ce a kawo shi yau, ba gobe ba.

Ba komai takardar ke ɗauka ba, na sani.
Kullum ka tambaye shi zafi, ya ce uku,
alhali ya damƙe ƙarfen gado har jijiya ta miƙe.
Nakan sa uku a gidan uku,
in rubuta a gefe, inda ba layi: ya riƙe gado.
Ba gidan da za a sa jirgin da ke jiransa a rumfa,
haƙarƙari a waje, yana shan ruwa.

Jiya: sifili da ɗigo takwas, ja, a bushe.
Herminia har yanzu hanci take fara kaiwa,
sannan rula.
Da zai tafi ya roƙi guda, sabuwa,
ya naɗe ta, ya saƙala a bayan kunne
inda fensir ɗinsa yake zama.